Waiwaye: Yadda Gonakin Inabin Dutsen Etna Suka Farfaɗo

A gabashin tsibirin Sisili na ƙasar Italiya Dutsen Etna yake, mai tsayin sama da mita 3,300, kuma har gobe yana aman wuta. A 1928 narkakken dutse ya binne garin Mascali, a 1981 kuma ya cinye gonaki a kusa da Randazzo. Duk da haka manoma ba su gudu ba, domin tokar da dutsen ke zubarwa ita ce ke zama baƙar ƙasa mai yashi, wadda ruwa ba ya kwanciya a cikinta. A nan ake noman inabin Nerello Mascalese, wanda ake yin jar giyar Etna Rosso da shi.

Kasuwar yankin ta buɗe ne a ƙarshen ƙarni na 19. Wani ɗan mitsitsin ƙwaro mai suna filoksera, wanda ya shigo daga Amurka, ya fara cin saiwar inabin Faransa tun shekarun 1860. Sai fatake suka karkato Sisili, jiragen ruwa suna lodin ganguna a tashar Riposto. Daga baya ƙwaron ya iso tsibirin shi ma. Maganin da Turai ta samo shi ne a yi wa inabinta aure da saiwar inabin Amurka, kamar yadda ake yi wa mangwaro aure. Amma a wasu gonakin Etna ƙwaron ya kasa sakat cikin yashin toka, shi ya sa har yau akwai itatuwan da suka haura shekara 100 a kan saiwarsu ta asali.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu matasa suka tafi ci-rani, gonaki suka koma daji. Ko rajistar kare sunan yanki da Etna ta samu a 1968, ta farko a duk Sisili, ba ta tsayar da lamarin ba. Tsofaffi ƙalilan ne suka riƙe.

Idan ka shiga gonar, za ka ga kowace itaciya tsaye ita kaɗai, gajeruwa, an ɗaure ta a turke. An yanka gangaren hawa-hawa, an tokare kowane hawa da katangar baƙin dutse ba siminti. Tarakta ba ta da wurin juyawa, sai fartanya da almakashi. Ni a ganina waɗannan tsofaffin ne suka cancanci yabo, domin talauci da wuyar wurin sun sa noman zamani bai yi wa gonakin nan kaca-kaca ba, su kuma ba su bar itatuwan sun mutu ba.

Wani ɗan kasuwa mai suna Giuseppe Benanti ne ya fara tada harkar a 1988, tare da masanin haɗa giya Salvo Foti. A farkon shekarun 2000 sai ga wasu masu yin giya, wato Andrea Franchetti da Marco de Grazia da Frank Cornelissen ɗan Beljiyam. Da yawa daga cikin masu gonakin suka rungumi noma ba takin zamani ba maganin ciyawa, iskar tudu kuma tana taimaka musu wajen busar da ganye. Tarayyar Turai ta kafa dokar irin wannan noma a 1991, amma sai a 2012 ta amince a rubuta a jikin kwalba cewa ita giyar kanta an yi ta bisa wannan ƙa'ida.

Ba wai ba a feshi ko kaɗan ba ne. An yarda da farar wuta da sinadarin tagulla, sai dai tagulla na taruwa a ƙasa, don haka daga 2019 aka ƙayyade kilo 28 a kowace hekta cikin shekara bakwai. A 2023 ruwan bazara ya yi yawa, cutar fumfuna ta mamaye gonakin inabin Sisili, manoman da suka dogara da tagulla kaɗai suka tafka asara mai yawa.