Haɗin gwiwar Najeriya da Nijar kan lantarki, kasuwanci da abinci

Haɗin gwiwar Najeriya da Nijar ya ƙunshi yarjejeniyoyi da hukumomi da hanyoyin ciniki da suka ɗaure tattalin arzikin ƙasashen biyu. Iyakarsu ta kai wajen kilomita 1,500, daga Kamba da Gaya a yamma har zuwa Tafkin Chadi, kuma ta ratsa ƙasar Hausa ne ta tsakiya, ta raba Katsina da Maraɗi, ta raba Daura da Damagaram. A hukumance akwai Hukumar Haɗin Gwiwar Najeriya da Nijar, wadda aka kafa a 1971 mai hedikwata a Yamai, sai ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ECOWAS, da aka kafa a Legas ranar 28 ga Mayu, 1975, wadda Nijar ta fice daga cikinta a 2025. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta bai wa ɗan kowace ƙasa damar shiga maƙwabciya ya zauna kwana 90 ba tare da biza ba.

Wutar lantarki

Tushen wannan fanni shi ne madatsar ruwa ta Kainji a kan kogin Kwara, wadda aka kammala a 1968. Kogin ya ratsa Nijar kafin ya shigo Najeriya, don haka duk abin da aka tare a sama zai rage ruwan da ke juya injinan Kainji da Jebba. Hujjar da jami'an Najeriya suka sha bayarwa ke nan game da sayar wa Nijar wuta: gara a ba ta lantarki da ta datse kogin. Babban layi mai ƙarfin kilobolt 132 ya tashi daga Birnin Kebbi zuwa Yamai, wani kuma ya tashi daga Katsina zuwa Gazawa, yana ciyar da Maraɗi da Damagaram. Kafin 2023, kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da kamfanin lantarkin Nijar, NIGELEC, ke rabawa daga Najeriya yake zuwa.

Raunin tsarin a bayyane yake. Layi ɗaya ne ke ɗauke da babban birni, kuma idan waya ta yi tsawo ƙarfin wuta kan ragu kafin ta kai ƙarshe. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ya tsananta kowa ya kunna fanka da firiji, buƙata kan zarce abin da wayar za ta iya ɗauka, sai a shiga rabon wuta unguwa-unguwa. Idan guguwar farkon damina ta kayar da turakun ƙarfe, ko babban layin Najeriya ya durƙushe, Yamai kan faɗa duhu tare da Sakkwato. Tashar Gorou Banda mai aiki da mai, wadda aka buɗe a 2017, tana cike gurbi, sai dai wutarta ta fi ta ruwa tsada nesa ba kusa ba.

Maganin da hukumar haɗa wutar Afirka ta Yamma, WAPP, ta tsara shi ne layi mai kilobolt 330 daga Birnin Kebbi zuwa Yamai, ya wuce Wagadugu, da reshe zuwa Malanville a Benin. An ƙaddamar da aikin a 2022. Amfanin ɗaga ƙarfin layi shi ne a tura wuta mai yawa da ƙarancin asara a hanya. Nijar kuma tana gina madatsarta ta Kandaji, wadda aka tsara za ta ba da megawat 130, ko da yake aikin ya daɗe yana tafiyar hawainiya.

Kasuwanci

A nan ne zumuncin ya fi ƙarfi, domin ya girmi gwamnatocin biyu. Daga Nijar ana gangaro da shanu, raguna, raƙuma, wake, aya da albasar Galmi. Daga Najeriya ana haurawa da masara, dawa, gero, taki, robobi da kayan masarufi. Mashigai sanannu su ne Illela da Ƙonni, Jibiya da Maraɗi, Kwangwalam da Matamaye, da Maigatari, inda kasuwar dabbobi ke ci ranar Alhamis. Kasuwar Dawanau ta Kano ita ce uwar hatsi: farashin da aka yanke a can, cikin 'yan kwanaki za a ji shi a tiyar gero a Maraɗi.

Babban abin da ke juya akalar cinikin shi ne canji. Sefa a ɗaure take da kuɗin yuro, naira kuwa hawa da sauka take yi. Idan naira ta faɗi, mai jaka goma ta sefa ya zama mai ƙarfi a Dawanau, hatsi ya yi arewa. Amma makiyayin da ya kai bijiminsa Maigatari ya karɓi naira, idan ya je wurin 'yan canji sai ya ga kuɗinsa sun zaizaye. Bisa tsarin ECOWAS amfanin gona da dabbobi ba su da kuɗin fito, amma direban tirela ya san shingaye nawa zai tsaya, kuma abin da ya kashe a kowane shinge kan mai saye yake ƙarewa.

Kafin 2023 akwai kuma kayan da kan shigo ta tashar Kwatano da sunan Nijar, irin su shinkafa da gwanjo, sannan su sulalo Najeriya ta ɓarauniyar hanya, man fetur mai tallafi na Najeriya kuma ya sulale zuwa Nijar a jarkoki. Wannan ne ya sa Najeriya ta rufe iyakokinta na tudu daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, har ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi kuwa, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairu 2021, zai bi ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya.

Talauci da abinci

Manomin kudancin Nijar sau da yawa rumbunsa kan ƙare kafin sabon gero ya nuna. Daga Yuni zuwa Satumba kasuwa ce ke ciyar da gidansa, da kuɗin akuyar da ya sayar ko abin da ɗansa ya aiko daga ci-rani a Kano ko Legas. Matsalar abinci ta 2005 ta nuna hatsarin wannan dogaro: hatsi ya yi tsada a arewacin Najeriya, ya daina haurawa kamar da, farashin dabbobi ya faɗi warwas, tamowa ta yi wa yara illa a Maraɗi da Damagaram, yankunan da ake ɗauka rumbun ƙasar. Bayan haka ne aka ɓullo da shirin Kano-Katsina-Maraɗi don musayar bayanan farashi da sauƙaƙa zirga-zirgar abinci.

Halin da ake ciki tun 2023

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023 a Nijar, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, Najeriya ta rufe iyaka ta kuma yanke wuta a farkon Agusta. Motocin albasa suka ruɓe a bakin iyaka, shinkafa da magani suka yi tsada a Nijar, kasuwannin Illela da Jibiya suka yi sanyi. An ɗage takunkumin a Fabrairu 2024, Najeriya ta buɗe iyakarta a Maris. Nijar da Mali da Burkina Faso, waɗanda suka kafa ƙawancen ƙasashen Sahel na AES a Satumba 2023, sun fice daga ECOWAS a hukumance ranar 29 ga Janairu, 2025. A sanarwar da ta fitar a lokacin, ECOWAS ta buƙaci ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar 'yan ƙasashen uku, su kuma bar kayansu a kan tsarin ciniki na da, har sai an cimma sabuwar matsaya.