Jinotaif ɗin da ake tambaya a wurin awo, me ake nufi da shi?

Mata da yawa idan nas ta ce musu "mene ne jinotaif ɗinki" sai su ce O ko B, to wannan rukunin jini ne, shi ake dubawa idan za a yi ƙarin jini. Jinotaif daban. Shi magana ce ta himogulobin, sinadarin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini mai ɗaukar iskar da muke shaƙa ya kai ta ko'ina a jiki, kuma kowa gadonsa yake yi, rabi daga uwa rabi daga uba. Lafiyayyen himogulobin shi ake kira A. Wanda ya sauya shi ne S, akwai kuma C da aka fi samu a arewacin Gana da Burkina Faso. Wanda ya gaji S ta ɓangare biyu shi ne SS, mai sikila ko amosanin jini, ƙwayoyin jininsa sai su lanƙwashe kamar lauje su toshe ƙananan hanyoyin jini, daga nan ciwon ƙashin nan mai sa babba kuka yake zuwa, ga shi ƙwayar da ya kamata ta yi kwana 120 ba ta wuce 10 zuwa 20, shi ya sa kullum jini ya yi ƙasa, ido ya yi ɗorawa. SC, wato S ta ɓangare ɗaya C ta ɗayan, ita ma cuta ce fa, ta dai fi sauƙi a yawanci.

Mai AS kuwa, wato wanda ya gaji A ta ɓangare ɗaya S ta ɗayan, lafiyarsa ƙalau, hasali ma yana da ɗan kariya daga maleriya mai tsanani, abin da ya sa S ɗin ya yi yawa a ƙasashenmu ke nan. Kusan kowane mutum huɗu a Najeriya ɗaya na ɗauke da shi. Larabawa da mutanen Indiya da Pakistan suna da irin tasu, talasimiya, inda jiki ba ya iya ƙera isasshen himogulobin.

To me ya kawo gwajin cikin awo? Idan aka auna mai ciki ta fito AA, ɗanta ba zai yi SS ba. Idan ta fito AS ko AC sai a ce a kira maigida, kuma nan ake shan fama, wani ya ce shi ai ko ciwon kai ba ya yi. Malam ba a gane AS da ido! Idan su biyun duk AS ne, kowane ciki yana da kashi 25 cikin 100 na zuwa SS, 50 AS, 25 AA. Kowane ciki na ce, ba layi ake bi ba da za a ce an haifi mai sikila ɗaya saura uku lafiyayyu, ana iya jera uku duk SS, ana iya haifar shida babu ko ɗaya.

A Ingila ana son a yi wa mai ciki gwajin kafin sati 10, don idan an ga haɗari a iya auna jaririn tun yana ciki, ko dai a ɗebi ɗan yanki na mabiyiya tsakanin sati 11 da 14, ko ruwan da yake kwance a ciki daga sati 15. Mu nan wannan sai manyan asibitoci kuma da tsada, ga shi yawanci sai ciki ya yi wata biyar ake fara awo. Amma sanin yana da amfani ko a makare, domin jariri mai sikila ba ya nuna alama sai wajen wata shida, hannu da ƙafa su fara kumbura, idan an san da shi tun haihuwa sai a fara ba shi maganin kariya daga cututtuka da na maleriya da wuri. Ita kuma mai ciki da ke SS kada ta sha maganin ƙarin jini mai sinadarin ayon sai likita ya auna ya ce ta sha.

Ni dai a ganina wurin gwajin nan tun kafin a kai kuɗin gaisuwa ne. Saudiyya ta wajabta shi kafin aure tun 2004, Kano ma ta yi doka a 2024. A yi shi a asibitin kirki, in da hali a maimaita a wani wurin, don sakamakon kuskure yana yawo sosai.