Dokar Kyawun Gari ta Japan: Abin da Ta Tanada da Inda Ƙarfinta Ya Tsaya

A watan Yunin 2004 majalisar dokokin Japan ta zartar da Keikan-ho, dokar kula da kyawun gari da karkara, wadda ta fara aiki gaba ɗayanta a 2005. Kafin nan ɗaruruwan ƙananan hukumomi sun riga sun kafa ƙa'idojinsu, tun daga birnin Kanazawa a 1968, sai dai babu dokar ƙasa da ta tsaya musu, saboda haka attajirin da ya yi kunnen uwar shegu da shawarar hukuma ba a da yadda za a yi da shi. Rikicin Kunitachi, a yammacin Tokyo, ya fito da wannan rauni fili. Mazauna sun kai ƙara kan wani bene mai hawa 14, kotun farko ta ba da umarni a 2002 a rushe abin da ya haura mita 20, amma a 2006 Kotun Ƙoli ta bar ginin a tsaye, duk da ta yarda cewa moriyar da maƙwabta ke samu daga kyawun unguwarsu abu ne da ya cancanci kariyar doka.

Dokar ba ta fayyace abin da ake nufi da kyau ba, kuma da gangan aka yi haka. Ta miƙa wannan hukunci ga larduna da manyan birane, sannan ƙaramin gari ma yana iya karɓar ikon bayan ya tuntuɓi lardinsa. Hukumar da ta karɓa takan zana tsari, ta shata yankin da ya shafa, ta faɗi launin fenti da siffar rufi da tsayin ginin da suka dace da wurin, bayan ta saurari mazauna.

A cikin wannan yanki, duk mai son yin gini ko sauya fuskar gidansa dole ne ya sanar da hukuma, ya kuma dakata kwana 30 kafin ya fara aiki. Idan zanen ya saɓa wa tsarin ta fuskar launi ko siffa, hukuma tana iya ba shi umarnin gyarawa, wanda ya ƙi kuma a ci shi tara. Amma a kan tsayin gini shawara kawai za ta iya bayarwa, alhali tsayin ne ya fi haddasa rigima, kuma a ganina nan ne dokar ta fi rauni. Garin da ke son hana dogayen benaye yana iya ayyana gundumar kyawun gari a ƙarƙashin dokar tsara birane, inda ba a sa hannu a aiki sai magajin gari ya amince da zanen. Kyoto ta tsaurara a 2007: ta rage iyakar tsayi a manyan titunan tsakiyar birni daga mita 45 zuwa 31, a lungunan da ke bayansu daga 31 zuwa 15, ta kuma hana allunan talla a kan rufin gine-gine.

Akwai kuma damar ware tsohon gini ko bishiya a matsayin abin da ba a taɓawa sai da izini, da yarjejeniyar da masu filaye za su ƙulla bisa amincewar dukkansu, wadda ke hawa kan duk wanda ya sayi filin daga baya.

Ga garuruwan karkara da matasa ke ƙaurace wa, batun ya wuce ado, domin tsoffin tituna da gonakin shinkafa na gefen tsaunuka su ne jarin da ke jawo baƙi. Shi ya sa dokar ta ba da damar tsara amfani da gonaki, har wata ƙungiya da hukuma ta amince da ita ta karɓi kula da gonar da aka bari ta zama saura. Garin Omihachiman na lardin Shiga, wanda mutanensa suka hana a cike tsohuwar mashigar ruwansu a shekarun 1970, shi ne ya fara fitar da tsari a ƙarƙashin dokar a 2005, kuma a 2006 fadamunsa suka zama na farko da aka sanya a jerin muhimman wuraren al'ada na ƙasar.