In maigida ya dawo daga bida

Damina na matsowa, motoci sun fara sauke ƴan bida a tashar Tawa, wasu daga Abijan, wasu daga Libiya ko Aljeriya. A irin wannan lokaci matan da ke karɓar maganin Sida a wajenmu nan likita sukan shigo da tambaya guda, murya ƙasa-ƙasa: "Madam, in ya dawo yaya zan yi?" Mace ta san amfanin kororon roba sarai. Bakin da za ta faɗa wa maigida ne babu, tana tsoron ya ce ta ci amanarsa, ko a ba ta takardarta, ko kishiya ta ji.

Ƴar'uwa, ki fara riƙe wannan: wadda ke shan magani kullum ba fashi, har awon jini ya nuna ƙwayar ta yi ƙasa sosai ba a ganinta, ba ta sa wa mijinta cutar ta hanyar kwanciya. Yawanci sai an yi wata 6 ana sha, kuma awon ne shaida. Ƙiba da hasken fata ba su nuna komai. Kafin sakamakon ya fito, ko in kin yi sakaci da magani, robar ce kariyarsa.

Amma ni ke nake ji. Maganin nan ba ya tare ciwon sanyi, ba ya tare tunjere, kuma ba ki san abin da maigida ya kwaso a hanya ba. Ko da dukanku biyu kuna ɗauke da ƙwayar, tasa tana iya zama wadda ta saba da magani, ta dagula miki naki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mace mai wannan cuta ta fi sauran mata haɗarin kansar bakin mahaifa sau 6, don haka ki nemi a duba ki. Sannan ga cikin da ba a shirya ba. In kina son haihuwa, ki zo mu tsara tare: ba magani, jariri 15 zuwa 45 cikin 100 na iya ɗauka, da magani kuwa abin ya kan sauka ƙasa da 5.

Kororon roba mai suna Foula tana nan a shaguna da famasi. Kar a bar ta a rana ko aljihu cikin zafin nan namu, kar a shafa mata man kaɗe ko basilin, suna tsinka ta. Sabuwa kowane karo. In ta fashe alhali ƙwayar ba ta kwanta ba, ya garzayo likita kafin awa 72, akwai maganin kwana 28.

Maganar faɗa masa kuwa, kar ki ɗauke ta ke kaɗai. Ki ce likita na son ganinku tare, mu za mu buɗe zancen, a auna shi, daga baya a auna abokiyar zamanki cikin sirri. In kina tsoron duka ko saki, ki faɗa mana tukuna, ba za mu kira shi ba sai kin yarda. Awo da magani duk kyauta ne, ƙofarmu a buɗe take tun safe.