Waiwaye: yadda aka fara ciro taswirar bayanai daga misalai a manhajojin zane

Tun 1963, da Ivan Sutherland ya fito da manhajar zane mai suna Sketchpad a jami'ar MIT ta Amurka, kwamfuta ta iya jan layi, har ta riƙe sharaɗi irin "layukan nan biyu su yi tsawo ɗaya". Abin da ba ta sani ba shi ne me aka zana. Da'ira a wurinta da'ira ce kawai, ko hujin noti ne ko bakin bututu. Giɓin da taswirar bayanai ke cikewa ke nan: ta faɗi abubuwan da ke cikin zane, alaƙarsu, da ƙa'idojin da ba a ƙetarewa.

Peter Chen ya kawo hanyar zana irin wannan taswira a 1976. Amma a ina za a samo abin da za a zuba ciki? Injiniya ya san aikinsa a hannu. A ce ya jero ƙa'idojin da baki, sai ya tsallake waɗanda ya fi sabawa da su. Shi ya sa hanyar NIAM ta Sjir Nijssen, wadda Terry Halpin ya faɗaɗa daga baya, ta fara daga misali. A ɗauko zanen da aka kammala, a mai da shi gajerun jimloli: "faranti 7 yana da huji 4". Jimlolin da suka yi kama a haɗa su nau'i ɗaya, sannan a sa ƙa'ida.

A nan ake tuntuɓe. In duk farantan da aka ɗauko huji huɗu gare su, taswirar za ta ɗauka huɗu doka ce, ranar da mai shida ya zo ta ƙi shi. Masanin kwamfuta Patrick Winston ya hango wannan tun 1970. Ya nuna wa manhajarsa ƙofa ta tubala uku, biyu a tsaye, ɗaya a kwance bisansu. Sai ya matso da na tsayen suka haɗu, ya ce wannan ba ƙofa ba ce. Daga wannan misali da ya kusa daidai manhajar ta gane cewa tazarar wajibi ce. Tarin ƙofofi masu kyau ba za su koya mata haka ba.

STEP, wato ISO 10303, ma'aunin ƙasa da ƙasa na musayar bayanan zane tsakanin manhajoji, da aka soma a 1984 aka fitar a 1994, ya ba taswirorin harshen rubutu, EXPRESS. Bai ɗauke wa kowa aikin zaɓen misalai ba. Har yau, kafin a amince da ƙa'ida, akan ƙirƙiro zanen da ya karya ta da gangan, a miƙa wa injiniya a tambaye shi: wannan zai ƙeru?