Kwana 28 na farkon jariri da batun uwa mai ɗauke da HIV

Babu lokacin da ran yaro yake cikin haɗari kamar watansa na farko a duniya. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna jarirai kusan miliyan 2.3 ne suka rasu a 2022 kafin su cika kwana 28, kuma wajen uku cikin huɗu a makon farko suka tafi.

Mu da ke aikin ɗakin haihuwa mun san abin da ke kawo haka. Kan gaba shi ne bakwaini, wanda aka haifa ciki bai kai mako 37 ba, da wanda nauyinsa bai kai kilo 2.5 ba. Irin wannan jariri jikinsa ba ya riƙe ɗumi, tsotso ma aiki ne a wurinsa: ya kama nono, ya ja sau biyu, ya saki, barci ya ɗauke shi. Sai doguwar naƙuda da ke sa a haifi yaro bai yi kuka ba, da ƙwayoyin cuta da ke shiga jini, sau da yawa ta cibiya.

To, HIV fa? Ba kasafai take kayar da jariri kai tsaye a makonnin farko ba. Ta jikin uwa take biyowa. Mai cikin da ke ɗauke da ita kuma ba ta shan magani, garkuwar jikinta kan yi rauni, jini ya yi ƙasa, tarin fuka ya samu ƙofa. Cikinta ya fi saurin zuwa bakwaini, ko ɗan ya zo ƙarami, ko a haife shi ba rai. Ko jaririn bai kamu ba, wannan haɗari yana kansa, balle uwa ta kwanta ciwo ta kasa shayarwa. Wanda kuma ya kamu, ciwon kan taso masa wajen wata 2 zuwa 3, kuma idan ba magani, kusan rabin irin waɗannan yara ba sa kai shekara 2.

Ba tare da magani ba, jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 ne ke ɗauka daga uwa, a ciki, ko wajen haihuwa, ko a nono. Da magani, ba sa kai 5. Shi ya sa muke matsa wa mata su fara awo da wuri, a yi gwajin HIV da na tunjere. Abin da ya fi ci mini rai shi ne matar da ta san tana ɗauke da HIV, ta karɓi magani, amma tsoron maigida ya sa take sha a ɓoye, yau ta sha gobe ta tsallake. Maigida, rakiyarka zuwa awo da yarda a gwada ka tare da ita sun fi duk nasihar da za mu yi mata.

Bayan haihuwa akwai maganin ruwa da ake ɗiga wa jariri kullum na wasu makonni. A mako 4 zuwa 6 a kawo shi gwaji na musamman, don gwajin manya ba ya bambance ko ya kamu ne ko garkuwar uwa ce kawai a jininsa sai wajen wata 18. Uwar da ke shan maganinta ta ba da nono zalla wata 6, ko ruwa kada a haɗa. Gauraya nono da wani abu a wannan lokaci na ƙara haɗarin kamuwa.

Kowace uwa, mai HIV ko marar ita, idan jariri ya ƙi kama nono, ko yana jijjiga, ko numfashi ya kai 60 a minti ɗaya, ko ƙirji na lotsawa, ko jiki ya yi zafi ko sanyi ƙalau, ko shawara ta sauko har tafin hannu da ƙafa, kada a jira gari ya waye. A manna shi a ƙirji, fata da fata, a lulluɓe, a nufi asibiti.