Waiwaye: "Ai gajartar gidanmu ce"

Duk lokacin da cibiyoyin tamowa suka cika a Katsina ko Maraɗi, sai muhawara ta tashi, kowa ya ɗora wa tsadar abinci. Tsadar gaskiya ce, amma tsumburewar yara, wato rashin kai tsawon da ya dace da shekarunsu, ta girme ta. Tun a 2018, kafin mudun gero ya kai inda ya kai yau, binciken lafiya na Najeriya ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure. A Arewa maso Yamma kuwa kashi 57 ne.

A shekarun 1930 likita Cicely Williams ta bayyana kwashoko, wani nau'in ciwon tamowa, a Ghana, kuma sunan a yaren Ga yana nufin ciwon yaron da aka yi wa ƙane. Mu kwanika muke kiran irin wannan haihuwa. Sai farin 1973, sai yunwar Nijar ta 2005, hankali ya koma kan buhun tallafi.

Abin da ba a cika tunawa ba ya faru ne a 2006, shekarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sabon ma'aunin girman yara. Daga 1997 zuwa 2003 an auna yara wajen 8,500 a Ghana da Indiya da Oman da Brazil da Norway da Amurka. Ba kowane yaro aka ɗauka ba, sai wanda uwarsa ke shayar da shi, ba ta shan taba, gidansu kuma ba ya cikin ƙunci. Sai ga ɗan Accra da ɗan Oslo suna tsawo kusan kai ɗaya. Ni a ganina tun ranar ya kamata mu rage cewa "ai gajartar gidanmu ce". Gado yana nan, ba a musu, amma abin da ake yawan gada shi ne yunwar uwa.

Yarinyar da ta tsumbure, ta ɗauki ciki jikinta bai gama ƙosawa ba, ga ƙarancin jini, ƙaramin jariri takan haifa. Masana sun ƙiyasta a 2013 cewa kusan kashi 20 cikin ɗari na tsumburewa tun a ciki take farawa. Sannan a wasu gidajen a matse dakashi a zubar, a fara ɗura wa jinjiri ruwa tun kafin suna, gudawa ta biyo baya. Bai shekara ba uwar ta sake ɗaukar ciki, a yaye shi ba shiri. Kafin ya cika shekara biyu tsawon da ya rasa ya rasa ke nan, da wuya ya dawo, ita kuwa uwar har yanzu sai kowa ya ci take zama da ragowar tukunya.